Horon kwana uku da satifiket: ina tarihin, ina kimiyyar?

Makonni uku da suka wuce yayata ta kira ni da sassafe, ta ce don Allah in raka ɗanta bikin rufe wani horo da wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya wa yara 'yan sakandare a nan cikin garin Bauchi, ita tana da biki a Azare ba za ta samu zuwa ba. Horon kwamfuta ne na kwana uku. Na shirya na je.

Zaure ne babba, an jera kujerun roba, an manna ƙatuwar bana a bango, yara sun kai sittin kowa da farar riga mai tambarin ƙungiyar. Kwamfutocin na ƙirga su da idona, goma sha biyu ne, biyu a ciki ma ba a kunna su ba. Janareto na ta ruri a waje har ba ka jin mai jawabi sosai. Aka yi jawabai, aka raba satifiket, aka ce yara su ɗaga shi sama a ɗauki hoto, aka ba kowa lemo da kuɗin mota, taro ya watse.

Muna cikin Keke a hanyar gida na ce masa to me aka koya muku? Ya ce Kawu an buɗe mana imel, an nuna mana yadda ake haɗa fosta, kuma an ce duk abin da ba mu sani ba mu tambayi AI, manhajar nan mai amsa tambayoyi. Daidai nan muka zo gilmawa ta gaban kabarin Tafawa Balewa, na nuna masa na ce ka taɓa shiga nan? Ya ce a'a. Na ce shi wanda ke kwance a ciki me ya yi? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, ai shi ne na jikin naira biyar.

Yaron nan fa aji biyar yake a sakandare, a garin nan aka haife shi, kuma ba daƙiƙi ba ne, yana cikin masu ƙoƙari a ajinsu.

Abin da ya ƙarasa ɓata mini rai da daddare ne. Shi wannan yaro da aka ba shaidar ya ƙware a fasahar zamani da rana, shi ya turo wata murya a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, wani mutum da ba wanda ya san ko waye yana bayanin haɗin da wai ke kashe taifot da ciwon suga da hawan jini duk a kwana bakwai, a ƙarshe ya ce a tura wa mutum goma. Ya tura ɗin kuwa, da zuciya ɗaya, don a ganinsa taimako yake yi.

To ni ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Ba na adawa da koya wa yara kwamfuta, ko kusa. Amma koyar da ita tsurarta, babu tarihi babu kimiyya a tare da ita, kamar ka miƙa wa mutum guga da igiya ne ba ka nuna masa rijiya ba, duk kududdufin da ya gani a nan zai zura. Abubuwan nan uku ya kamata a ce tare ake koyar da su, a makaranta da kuma a ayyukan ƙungiyoyi, kuma da abin da ke gaban yaro za a fara, garinsu da rijiyarsu da kakarsa.

Yadda muka zo nan

Ba laifin yaron ba ne. A zangon karatu na 2009/2010 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, aka ce ai an cusa shi cikin soshiyal. Sai a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yana ministan ilimi, aka ce za a horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ku yi lissafi da kanku, Bauchi ƙananan hukumomi 20 gare ta, malami ɗari ya kama biyar-biyar ke nan, a ƙaramar hukuma irin Toro ko Alkaleri ko Ningi mutum biyar ina za su kai? Kuma waɗanda suka yi firamare a shekarun da babu darasin, wasunsu yanzu su ne malaman aji.

Kimiyya ita ba a cire ta ba, amma yadda ake koyar da ita ya kusa zama cirewar. Ni na gama sakandare ban taɓa leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyin cuta ba. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, zana shi ya yi a allo da alli, ya ja kibiyoyi ya rubuta sunan kowane sashe, muka kwafa muka haddace muka ci jarrabawa. Na san sunan kowane ɓangare na abin da ban taɓa taɓawa ba. Da na tambayi ɗan yayata yadda suke yi yanzu, bayan shekara ashirin da wani abu, amsar ɗaya ce.

Sai ga waya ta shigo hannun kowa a kan wannan yanayi.

"Tarihi ba ya kawo abinci"

Wannan ita ce magana ta farko da ake jefa mini, kuma ba na raina ta, don mutumin da ke fafutukar kuɗin makaranta da buhun masara yana da haƙƙin ya tambayi amfanin abu. Gaskiya ne ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka san cewa Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a 1809, ko don ka iya jero Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai.

Amma ai tarihi ba haddar shekaru ba ne. Abin da yake koya maka shi ne idan labari ya zo ka tsaya ka ce wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, shi yana wurin ko ji ya yi, me zai samu idan na yarda, akwai wani da ya faɗi saɓanin haka? Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya zauna a zauren malam ya ji ana cewa hadisin nan ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wancan ƙirƙirarre ne, saboda an bi waɗanda suka ruwaito shi ɗaya bayan ɗaya an duba halinsu. Mu da muka gaji irin wannan taka-tsantsan, yau mu ne muke tura muryar mutumin da ko sunansa ba mu sani ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Sannan batun abincin ma, a duba Kolmani. A Nuwamban 2022 shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar mai a can iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna. Matashin Alkaleri da ya san abin da ya faru a Oloibiri, can yankin Neja Delta, tun da aka samu mai a 1956, yadda gonaki da ruwan sha suka lalace mutanen wurin suka tashi a tutar babu, ko ya san yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gida, tambayoyin da zai yi wa kamfani da gwamnati daban ne da na wanda bai sani ba. Zai tambayi ruwa, zai tambayi diyyar gona, zai nemi a rubuta a takarda. Wannan in ba abinci ba ne to mene ne?

"Ba wuta, ba ɗakin gwaji, da me za a yi kimiyyar?"

Nan ma akwai gaskiya, kuma kada wani ya ɗauka ina wanke gwamnati ne. Ɗakin gwaji haƙƙin yaro ne, wutar lantarki a makaranta haƙƙinsa ce, za mu ci gaba da nema. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a naɗe hannu har sai ranar da aka gina.

Ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola. Cikin dare waya ta riƙa ƙara, 'yan uwa na kiran 'yan uwa, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. A unguwarmu har masu digiri sun yi. Na ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai hawan jini an dama mata gishiri a kofin silba tana sha tana yamutsa fuska, jikokinta na tsaye a kanta suna cewa Hajiya daure ki shanye. Allah ya kiyaye ta, amma a wasu wuraren an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasu, alhali cutar ko kusa da mu ba ta zo ba.

To gishirin nan dai shi ne kuma ke ceton rai duk damina idan amai da gudawa ya ɓarke. Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishiri ɗaya, ruwa ɗaya, a can ya kwantar da mutum a nan ya tashe shi, bambancin kawai awo ne da sanin dalili, cewa mai gudawa ruwa da gishirin jikinsa ne ke zuba, kuma sukarin shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin da ruwan. Wannan darasin wane ɗakin gwaji yake buƙata? Gora ɗaya da cokali. Kuma yaron da ya fahimce shi, ba haddacewa ba, ba za a ƙara tashinsa da tsakar dare a ce ya sha gishiri ya sha ba tambaya ba.

Haka irin shuka. A ƙirga ƙwayar gero ko dawa ɗari, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa, bayan 'yan kwanaki a ƙirga nawa suka tsiro, ka ga yaro ya gane kashi cikin ɗari da hannunsa kuma ya gaya wa babansa ko irin da ya sayo a kasuwar Muda Lawal zai yi ko ba zai yi ba tun kafin a zuba shi a ƙasa. A kafa gwangwani a filin makaranta a riƙa auna ruwan sama da rula tun daga Mayu har Oktoba. A zura igiya a rijiyar unguwa duk ranar Litinin a rubuta inda ruwa ya tsaya.

Ga kuma Yankari a ƙofar gidanmu. Ana kwasar yara a bas a kai su, su yi wanka a Wikki su ɗauki hoto su dawo. Ruwan nan ɗuminsa wajen digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ko da sanyin hunturu ba ya canjawa. Me ya sa? Yaro ɗaya ya yi wannan tambayar a ba shi ma'aunin zafi ya tsoma da kansa, sannan a yi masa bayanin cewa ruwan daga can ƙarƙashin ƙasa yake fitowa inda ƙasa ke da ɗumi, ya fi masa shafi goma na kwafe. A cikin dajin nan kuma akwai ragowar matoyar ƙarfe ta mutanen da, da kogunan da aka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey. Waɗanda suka narka tama a wurin nan sun san zafin wuta da iska da gawayi, tarihi ne kimiyya ce a wuri ɗaya, mu ne muka raba su a jadawalin aji.

A nan ne kwamfuta da waya za su samu aikin yi. Yaron da ya tara awon ruwan sama na wata shida yana da abin da zai zuba a Excel, zai ga layi ya hau ya sauka, ya gane me ake nufi da jadawali. Wanda aka zaunar aka ce ya rubuta sunayen ƙarya da lambobin ƙarya don a nuna masa inda ake dannawa, kafin sati biyu ya manta.

Masu cewa kimiyya da lissafi kayan Turawa ne kuwa, a gaya musu ita kanta kalmar algoridim da masu kwamfuta ke ta faɗa daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, malamin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A kusa da mu ma akwai Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, da ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

"Za ku tono tsohon miki"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi a wurina, kuma wani dattijo da nake girmamawa ne ya faɗa mini ita. Ya ce ɗana, jihar nan ba ƙabila ɗaya ba ce ba addini ɗaya ba, akwai Jarawa da Sayawa da Gerawa da Fulani da Hausawa da Warjawa da Karekare da sauransu, idan ka buɗe tarihin jihadi da yaƙe-yaƙe da kamen bayi da rikicin garin Tafawa Balewa na 1991, me kake so yara su yi da shi?

Na daɗe ina juya maganar. Abin da na gani shi ne yaran nan suna jin tarihin ai, ba wai ba sa ji ba ne. Suna ji a Facebook da TikTok daga bakin wanda ya fi kowa zafin kai, kowane ɓangare da nasa rabin labarin, an cire duk inda nasu suka yi laifi an bar inda aka yi musu. Shirun da makaranta ta yi bai rufe mikin ba, barin shi ya yi a hannun masu sosa shi.

A aji kuwa malami mai hankali zai iya cewa ga yadda masarautar Bauchi ke ba da labarin yaƙe-yaƙenta da Ningi a ƙarni na 19, ga kuma yadda mutanen Ningi ke ba da shi, ku karanta duka biyun ku gaya mini inda suka haɗu da inda suka rabu. Zai iya kai su Burmi a can ƙasar Gombe, a taswira ko da ƙafa, inda Sarkin Musulmi Attahiru da ɗimbin jama'a suka faɗi a hannun sojojin Ingila a 1903, su ga cewa akwai ranar da abin ya haɗa da kowa. Na yarda ba kowane malami ne zai iya riƙe irin wannan aji ba, shi ya sa nake ta nanata horar da malamai. Amma gudun abin ba magani ba ne.

Su kuma ƙungiyoyi

Na yi aikin sa kai da wata ƙungiya kusan shekara biyu, saboda haka ba daga nesa nake jifa ba. Mutanen da ke ciki da yawansu masu kishi ne, wasu da kuɗin aljihunsu suke cike giɓi. Matsalar tana wurin abin da ake ƙirgawa. Mai ba da tallafi yana can wata ƙasa ko Abuja, abin da yake so ya gani a rahoto shi ne an horar da matasa da mata ɗari kaza, ga hoto ga takardar sa hannu. Kai ɗari biyar a kwana uku ya fi cika takarda a kan yara talatin a wata tara, ko da kuwa talatin ɗin ne za su fita da wani abu. To kowa sai ya bi inda kuɗi ke bi.

Akwai makarantar da muka kai wa kwamfutoci, bayan wata bakwai na koma da kaina ba a aike ni ba. Sai da aka nemo mai makulli. Da aka buɗe ɗakin, ga su nan a jere an lulluɓe kowace da leda, ƙura ta yi kauri a kan ledar har na rubuta kwanan wata da yatsa a kai. Shugaban makarantar ya ce mini, Malam, in ta lalace ni za a tuhuma, kuma wanda kuka koya wa an yi masa canjin wurin aiki. Ban ga laifinsa ba. Mu ne muka kawo kaya ba mu kawo dalilin kunna su ba, ba mu tsaya mun ga malamin kimiyya da na soshiyal sun mayar da su kayan aikinsu ba.

Wani zai ce to kwana ukun ai ya fi babu. Na yarda. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma har yau akwai yaran ƙauye da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ke taɓa linzamin kwamfuta, hannu na rawa lokaci na tafiya. Wanda ya yi kwana uku ya tsira daga wannan, ba ƙaramin abu ba ne. Amma a kira shi da sunansa, gabatarwa ce, kada a buga satifiket a ce an ƙware. Gwamnatin tarayya ma da shirinta na 3MTT da aka fara a 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani, ma'aunin da zan auna shi da shi ke nan, bayan shekara ɗaya mutum nawa ne ke aiki da abin da aka koya musu.

Kuma muna da samfuri a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ba taron kwana uku ta yi ba. Mata ta zaɓa, jajis, ta koyar da su, ta naɗa musu malfa, suka riƙa zuwa ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙi cikin harshen da suke ji, su dawo wurinta su ƙaro su koma. Ta rasu a 1864 amma 'Yan Taru, wato ƙungiyar matan nan da ta kafa, ba su mutu da ita ba. Ta horar da wanda zai zauna a cikin jama'a ne, ta yi da harshen mutane, kuma ana komowa. A nan Bauchi ma, a shekarun 1940, su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da shi Abubakar Tafawa Balewa zaman tattaunawa suka riƙa yi a kai a kai, malaman makaranta da ma'aikatan En'e ana muhawara kan al'amuran ƙasa, daga irin wannan zama siyasar Arewa ta samu wasu manyanta. Shi mutumin jikin naira biyar ɗin malamin aji ne kafin komai.

Abin da na gani yana aiki

Ina da aboki malami a wata ƙaramar sakandare a hanyar Dass. Ba shi da ɗakin kwamfuta, wayarsa ce guda ɗaya sai ta wata malama. Ya raba 'yan ajinsa rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni su nemo tsoho ko tsohuwa a gidansu su ɗauki muryarsu a kan abu ɗaya: farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Waya na kwana a gidan wannan rukuni yau, gobe a wancan.

Na halarci ranar da suka saurara. Wata yarinya ta kunna muryar kakarta, tsohuwar na ba da labarin yadda rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, ta ce shekarar da aka canja kuɗi ne daga fam da sule zuwa naira. Sai wani yaro ya miƙe ya ce a'a, kakansa ya ce shekarar Udoji ce, wato lokacin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi. Aji ya kaure, kowa na kare kakansa. Abokina bai raba gardamar ba, ya ce to yaya za mu yi mu gane? Suka duba a waya suka ga naira ta fito a Janairun 1973, kuɗin Udoji kuwa sai wajen 1975 ya shiga hannun ma'aikata. Wata ta ce to ko farin ba shekara ɗaya ya yi ba? Wani ya ce ko kakan nasa yana birni ne, tsadar abinci ya tuna ba rashin ruwa ba. Aka ce a koma a sake tambayar tsofaffin, wannan karon da tambayoyin da suka fi kyau.

A zama ɗaya yaran nan sun koyi ɗaukar murya da adana fayil da sa masa suna da bincike a intanet, sun koyi cewa mutum biyu masu gaskiya na iya saɓawa, sun shiga maganar ruwan sama da dalilin fari. Duk da Hausa aka yi, daga baya suka rubuta taƙaitawa da Turanci. Masu cewa in ba da Turanci aka yi ba yara ba za su ci jarrabawa ba, ni dai na ga yaran da ba sa buɗe baki a aji suna ɗaga hannu har suna miƙewa tsaye. Abin da yaro ya gane da harshensa, sa masa sunan Turanci ba wuya.

Kuɗin da aka kashe a zauren nan da na je, na riguna da bana da lemo da hayar janareto, da an ba irin abokin nan nawa wayoyi biyar da ƙaramar sola ta caji da kuɗin data na shekara, aka kuma riƙa leƙa shi duk wata, da tsofaffin ƙauyuka nawa aka ɗauki muryarsu kafin su tafi? Waɗanda suka ga shigowar jirgin ƙasa Bauchi a farkon shekarun 1960 yanzu sun haura saba'in. Ga kuma Wikipedia ta Hausa tana nan tana jiran mai rubutu, garuruwanmu da yawa in ka duba layi biyu ne ko babu.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan bikin rufe horon na ɗauki ɗan yayata muka shiga kabarin Tafawa Balewa. Ka bi ta wata hanya mai duhu, ka hau a hankali ka fito haske, ga kabarin nan a fili babu rufi babu ado. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, muka yi addu'a, sannan ya zaro waya zai tambayi AI me ya sa aka kashe shi. Na ce tambaya, amma in mun koma gida ka tambayi Alhaji ma, yana garin nan a Janairun 1966.

Da magariba ya je ya zauna gaban kakan nasa a tabarma ya ajiye waya a tsakaninsu. Tsoho ya gyara zama ya ce cikin azumi ne, ya fara daga yadda labari ya iso su a rediyo. Sun yi minti arba'in da wani abu caji ya ƙare, suka ƙarasa washegari. Yanzu yana zaune yana mayar da muryar rubutu, jiya ya kira ni yana tambayar yadda zai samu ƙ da ɗ da ɓ a wayarsa, na ce ya shiga saitin allon rubutu ya ƙara Hausa. Ya ce ya kai shafi shida, kuma akwai wuri biyu da maganar Alhaji ta saɓa da abin da AI ya gaya masa, yana so in raka shi wurin wani abokin Alhajin a Jahun ranar Juma'a bayan an sauko.